Keke cikin fadamar Rima: inda munka kwana zuwa yanzu

Asabar, 14 ga Oktoba 2023

To bismillah. Na ce bari in fara rubuta abin nan tun yanzu don na san kaina, in ban rubuta ba sati biyu ya isa in rikita wace hanya ta bi ta ina. Aikin da munka ɗauko, ni da ƙanena da wani abokina ɗan Mabera malamin makaranta, shi ne mu bi fadamar Rima da ta gulbin Sakkwato da keke mu fitar da hanyoyi kamar biyar waɗanda mutum zai fita bayan asuba ya dawo gida kafin magariba, mu rubuta nisan kowace, ina mai faci yake, ina ruwan sha, ina masallaci, ina ne yashi zai sa ka sauka ka tura.

Asalin abin ma ba sha'awa ba ce, rashi ne. Tun da anka cire tallafin mai ƙarshen watan Mayu lita ta haura ɗari shida, mashin ɗina ya koma kayan ado cikin zaure, na je na sayo keken gwanjo mai giya irin mai faɗin tayan nan don zuwa aiki kawai. Sai wata Lahadi na ce bari in leƙa Kwalkwalawa in sayo kifi, da na tsaya bisa gada na ga yadda fadama ta shimfiɗe har inda ido ya ƙare, shekara talatin da 'yan kai ina garin nan na Sakkwato amma ban taɓa sauka ƙasan gadar ba, kullum wucewa. Wallahi sai da na ji kunya.

Kekuna uku ne. Nawa, na ƙanena wanda giya biyu kawai ke shiga, sai Malam da ya ɗauko Phoenix ɗin babansa, baƙin nan mai birkin ƙarfe da kariyar da za ta ɗauki buhun gero, mun yi mishi dariya har da riƙe ciki. Sauran kaya famfo, tib biyu, robar faci da sholisho, waya mai auna nisa, littafi da biro.

Asabar, 21 ga Oktoba

Fitar farko kuma mun sha kashi. Shida da kwata munka bar gida, munka kama titin jami'a, kafin bakwai muna Kwalkwalawa. Taswirar waya ta nuna wata 'yar hanya da ta sauka daga titi ta bi gefen gulbi, munka gangara da murna, ba mu yi nisa ba sai ga ruwa kwance, shinkafa tsaye cikinsa, balbelu na ta kiwonsu ko a jikinsu. Ƙanena ya ce ai ba zurfi, ya danna ciki, laka ta riƙe tayar gaba shi kuma ya wuce ta bisa ƙaho, sai da munka tumɓuko shi kamar rogo. Takalmi ɗaya har yanzu yana can.

Wani dattijo na tsaye bisa gaɓa yana kallon ikon Allah, bai ce uffan ba sai da munka gaishe shi.

"Sannu da aiki Baba."

"Yawwa samari. Ina zuwa da kekuna cikin ruwa haka?"

Na nuna mishi waya na ce ga hanya nan an zana. Ya dubi wayar ya dubi ruwan ya ce, "Wanda yaz zana wagga hanya ya taɓa zowa nan da damana? Ku koma gida ɗiyana, sai an yanke shinkahwa ruwa ya janye sannan hanya ta hito. Ita ma ba nan za ta hito ba."

Ƙarshen maganar ban gane shi ba, na dai rubuta.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Hanya ta ɗaya ta samu, alhamdu lillahi. Ruwa ya ja baya, ana ta yankan shinkafa, duk inda ka duba mutane ne sunkuye da lauje, wasu na bugu bisa ganga, yara na bin baya suna kala. Hanyar kuwa kamar yadda dattijon ya faɗa, ba inda waya ta ce ba, can sama ta fito kusa da wasu giginyu, sawun jakkai da amalanke ne sunka buɗe ta wurin kwasar amfani. Ita munka bi har munka ɓulla bayan Dundaye munka zagayo ta titi, waya ta ba mu kilomita 27 daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida.

Yau na gane fadama ba ƙasa ɗaya ba ce. Akwai baƙar laka da ta bushe ta tsattsage, wannan keke na tafiya amma haƙoranka za su yi ta kaɗawa, musamman inda shanu sunka taka tun tana ɗanya sawun kofato ya daskare kamar dutse. Akwai yashin da gulbi ya zubar ya wuce, nan ba wata dabara sai ka sauka ka tura ka daina wahal da kanka. Mai daɗin ita ce faƙo, ƙasa mai tauri sumul kamar an yi mata daɓe, in ka samu wannan har waƙa za ka ji kana yi. Matsalar tana bakin jigawa inda fadama ke haɗuwa da tudu, tsaidau ne shimfiɗe, faci huɗu munka yi yau, uku nawa ɗaya na ƙanena. Phoenix ko ɗaya. Malam bai ce komai ba, sai dai duk sanda munka tsaya cire taya ya jingine kekensa ya zauna inuwa yana kaɗa ƙararrawa a hankali, gara ma ya zage mu.

Wani abu da na lura da shi, manoman wurin nan da ambaliyar 2010 suke lissafin shekaru. Ka tambayi mutum yaushe ya haƙa rijiyarsa ya ce bayan babban ruwa da shekara biyu. Ni ma ina tune, watan Satumba ne, ruwa ya yanke hanyar jami'a mutane sai da jirgi, mu 'yan cikin gari kallo munka je yi. Wani ya nuna min gonar da a da shinkafa ake yi, tun daga shekarar yashi ya rufe ta, yanzu dankali da kankana yake sawa. Ya faɗe shi ne ba da baƙin ciki ba, kamar mai ba da labarin maƙwabcin da ya sake gida.

Mai faci akwai a Kwalkwalawa bakin titi, akwai wani wajen Dundaye. Tsakaninsu ba kowa, ka riƙe famfonka.

Talata, 14 ga Nuwamba

Na kai kekuna biyu wurin mai facin unguwarmu. Ya ce tayoyin gwanjon nan sun ci sun suɗe, fatarsu ta yi laushi, ya yanka tsohon tib ya shimfiɗa cikin tayar kafin ya sa sabo, wai ƙaya sai ta huda biyu kafin ta kai ga iska. Keken ya ɗan ƙara nauyi amma na yarda. Ya kuma ce in rage iska kaɗan in zan shiga yashi. Ɗari biyar ya karɓa, shawarar kyauta.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Kware. Ta Tashar Illela munka fita munka ƙetare gadar Rima, kuma gaskiya wanga yanki na titi ba na keke ba ne, manyan motoci masu zuwa boda da masu lodin buhuna ba sa ganin ɗan keke a matsayin mutum, da munka wuce More munka samu inda za mu sauka daga kwalta sai na ji numfashina ya dawo. Daga nan hanyar ƙasa ce tsakanin gonaki, gawo ko ta ina, kuma yanzu ne yake fitar da ganye bayan ya yi damana tsirara, shi ya sa manomi ba ya sare shi, ba ya tare wa gero rana kuma awaki na samun 'ya'yansa da rani.

Lokacin dashen albasa ne. An yanka ƙasa fangali fangali, yara na tsugune suna dasa iri da yatsa, can gefe tafarnuwa ta fara tsiro, wani na huɗa da raƙumi. Abin da ya tsayar da mu kusan rabin awa shi ne wani injin ban ruwa da munka ga an jona mishi tukunyar gas irin ta girki. Mai gonar ya ce tun da mai ya tashi ya kai injin anka sa mishi wata 'yar na'ura a wurin kafireto, yanzu gas yake sha. Ya ce lissafin noman rani duka lissafin ruwa ne, albasa ba ta jira, in ranar ban ruwa ta zo ko nawa ake sai da mai sai ka saya ko ka yi asarar wata uku. Na tambaye shi jigo fa irin na da, ya yi dariya ya ce bayansa ba irin na kakansa ba ne.

Bakin tafkin Kware munka ci abinci, fura da nonon da munka saya wurin wata Bafillata, sai ƙuli. Malam tarihi yake koyarwa kuma in ya fara ba birki, nan ya buɗe mana babin Abdussalami, almajirin Shehu wanda harin da anka kai wa mutanensa a Gimbana na cikin abubuwan da sunka kunna wutar jihadi, daga baya a Kware ya zauna, bayan rasuwar Shehu a 1817 ya yi wa Sarkin Musulmi Bello tawaye, anka ci garin a 1818. Ƙanena ya ce shi abin da ya sani game da Kware asibiti ne kawai, wanda in ka yi wauta a gida ake ce maka za a kai ka. Yawancinmu haka ne ai.

Kilomita 49 zuwa da dawowa. Faci sifiri, mai facinmu ya ci kuɗinsa. Amma hanya ta biyu ban gama yarda da ita ba saboda yankin titin nan, sai mun nemo wata mafita.

Asabar, 9 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Da asuba yatsu ba sa riƙe birki, ƙanena safa ya sa a hannu. Hazo ya rufe gari har rana ta fito kamar faifan tuwo kana kallonta ido da ido.

Wamakko munka nufa, yamma ke nan, munka wuce Arkilla da Kalambaina inda masana'antar siminti take sannan munka gangara gulbi. Zuwa kamar ana tura mu, ko feda ba ma takawa sosai, har muna cewa ashe mun zama gwanaye. Ashe iska ce a bayanmu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa kuma sai rana ta ɗaga take ƙara ƙarfi, to da munka juyo wajen sha ɗaya sai ga ta a fuska da ƙura da komai, abin da munka yi cikin awa ɗaya da kwata sai da ya ci mana kusan uku. Na rubuta da manyan baƙi cikin littafi, da hunturu in kana da zaɓi ka fara fita gabas ko arewa tun iska na barci ka dawo tana tura ka. Hanyar Wamakko kuwa akasin haka take, ko ka juyo da wuri ko ka sha wuya.

Amma ribar yau mai fito ne. Mun iso wani mashigi inda sawun mashin ya nuna ana ratsawa da ƙafa, munka tarar ruwa ya kai ƙirji, ga wani mutum da jirginsa da gora a hannu yana jiran irinmu. Na ce mishi Baba ai an kusa wata biyu ba a yi ruwa ba, ya aka yi gulbi ya cika. Ya ce, "Ruwan rani ba na sama ba na, na Goronyo na. In sun buɗe shi taho, in sun ruhe shi janye. Shekaranjiya yara na wasa tsakiyar nan." Wato dam ɗin Goronyo da ke kan Rima, wanda anka gama a 1984, shi ke sakin ruwa da rani don masu ban ruwa da ruwan shan birni, shi kuma gulbin Sakkwato da ya taso tun daga wajen Funtua ya biyo ta Gusau yana da nasa dam ɗin a Bakolori tun 1978. Kusa da birni suke haɗuwa su gangara Argungu da Birnin Kebbi har su faɗa kogin Kwara. To mu da ke ƙasa da mahaɗar, zurfin mashigi ba a sama ake duba shi ba, wani ne can ke riƙe da makulli. Ta yaya zan rubuta wannan cikin jagorar hanya? "A nan za ka ratsa da ƙafa, ko kuma a'a."

Kuɗin fito na mutum daban na keke daban, Phoenix ya ce sai an ƙara don ya yi nauyin tunkiya biyu, yau dai mun rama dariya. Sai dai ba mu da tsabar kuɗi isassu, kwanan nan ko wurin masu POS samun kuɗi sai an sha fama, na ce tiransifa, ya kalle ni kamar na yi mishi Faransanci. Ƙarshenta da sauran ƙosanmu da canjin da ke aljihun Malam munka daidaita. A riƙe canji.

Kilomita 44. Hanya ta uku, da alamar tambaya.

Asabar, 23 ga Disamba

Ba fita. Mura ta kwantar da ni tun ƙurar Wamakko, ƙanena kuma na wurin bikin abokinsa. Na zauna na mayar da rubutun littafi cikin waya, rabin abin da na rubuta bisa keke ni kaina ban iya karantawa.

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Yau gardama munka yi maimakon tafiya. Tun farko cikin lissafinmu akwai Wurno har Goronyo, mu ga dam da idonmu. Amma kowa ya san halin da gabashin jihar nan ke ciki, Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo, ba labarin da ba mu ji ba. Innarmu ta ce in munka kama hanyar nan ba da yawunta ba. Munka je wurin kawu wanda ke fataucin shinkafa ta can kusan kowane mako.

Ya saurare mu tsaf ya ce, "Goronyo ku cire ta. Wurno kuna iya zuwa amma ranar kasuwar Achida, ku bi jama'a, ku baro can kahin la'asar. In kun shiga gari ku hwara gaida manya. Kuma kai," ni ke nan, "wagga waya taka ta zauna aljihu, ba ko'ina aka ɗaukar hoto ba yanzu."

Malam bai so ba, shi Goronyo yake so, amma ya haƙura. Inna ta yarda da sharaɗin kawu zai san inda muke kowace awa.

Laraba, 17 ga Janairu

Na ɗauki hutun kwana ɗaya. Mun ɗora kekuna bisa motar 'yan kasuwa zuwa Achida, wanda ya ɗan saɓa ƙa'idarmu ta daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida amma ba komai, daga can munka hau zuwa Wurno.

In ce wani abu a nan, duk inda munka je zuwa yanzu ba wanda ya kai wannan kyau. Garin bisa tudu yake, in ka tsaya ta gefen da ke kallon gulbi fadama ce kore shar a ƙarƙashinka, shinkafar rani da alkama da albasa da tafarnuwa, magudanan ruwa sun ratsa ta, ga hazo ya ɗan lulluɓe ƙarshenta. Da ka gani ka san dalilin da ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a nan, kana ganin mai zuwa tun daga nesa kuma abinci na gindinka. A nan ya rasu a 1837 kuma a nan kabarinsa yake, mun shiga mun yi ziyara mun yi addu'a. Malam ya ce ko Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya zo a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, a Wurno ya yi zamansa don lokacin sarki ya fi zama nan. Cikin gari kuma ko ta ina shinkafa ce, mata na turarawa suna shanya bisa tabarmi da leda, injinan casa na ta ƙara.

Hanyoyin cikin fadamar sun fi na wajenmu daɗin keke don gefen magudanan ruwa ake bi, ƙasa a dake, ba yashi sosai. Muna cikin jin daɗi na tsaya na fito da littafi ina zana inda wata hanya ta rabu biyu, sai ga mutum uku bisa mashin biyu, 'yan sa kai ne. Sallama, amsa, sannan babbansu ya ce in ba shi littafin. Ya buɗe, ga zanen hanyoyi, ga mashigai, ga inda na rubuta "ba kowa tsakanin nan da nan", ga inda na sa "rugar Fulani, shanu da yawa, akwai nono". Wallahi ina tsaye ina karanta rubutuna ta idonsa sai cikina ya ɗuri ruwa, don ni kaina in na kama baƙo da irin wanga littafi ba zan sake shi ba.

Allah ya taimake mu mun bi maganar kawu, mun gaida manya da munka shigo kuma an san wanda ya turo mu, aka buga waya biyu magana ta mutu. Babban nasu ya miƙo min littafin ya ce, "Malam ba mu hana ku yawonku ba. Amma abin da kar rubuta, in ya hwaɗa hannun da ba naka ba hwa?" Ban da amsa. Ya ma raka mu har bakin kwalta.

A mota muna dawowa munka yanke shawara. Duk abin da za mu fitar wa mutane ba sunan ƙananan ƙauyuka, ba inda dabbobi suke kwana, ba "nan ba kowa". Shafi biyu na yage da hannuna. Wurno kuma ba za mu sa ta a matsayin hanyar da kowa zai ɗauki keke ya bi ba, sai dai mu ce ga yadda munka yi, ka nemi naka kawun.

Kilomita 38 bisa keke. Uku da rabi muna Achida, kafin magariba muna gida, Inna na zaune bakin ƙofa.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Mun koma hanya ta ɗaya don mu tabbatar da awo kafin mu kira ta gamammiya. Babu ita. Ina nufin babu. Inda munka bi cikin Nuwamba gindin giginyu yanzu fangalin albasa ne har an kusa cira, an yanka magudanar ruwa ta ratsa tsakiya, ga tiyo shimfiɗe. Hanyar ta koma ƙasa can kusa da gulbi inda ruwa ya sha takalmin ƙanena, wato kusan daidai inda waya ta zana tun farko. Ashe ita ma wayar ba ƙarya ta yi ba, hanyar watan Fabrairu ta sani, mu kuma munka je mata da Oktoba.

Na zauna bisa kariyar Phoenix na buɗe shafin farko inda na rubuta maganar dattijon nan, ita ma ba nan za ta hito ba. Mun neme shi ma mu gaishe shi, anka ce ya tafi kai tumatir kasuwa.

Wannan ya rushe min tsarin aikin gaba ɗaya, don ni a kaina layi biyar zan zana bisa taswira in sa lamba in ce bismillah. Yanzu dole kowace hanya a rubuta ta da wata, ta bayan yankan shinkafa daban, ta tsakiyar noman rani daban, daga saukar damana har ruwa ya janye kuma a rubuta a rufe. Abin da ba ya motsi shi za mu riƙa kafa alama da shi, gada, masallacin Juma'a, tsohuwar kuka, makarantar firamare, inda mai faci ke zama. Tsakaninsu kuma mu rubuta tambayar da za ka yi, ba amsar ba, misali in ka kai giginyu ka tambayi mai gona ta ina amalanke ke bi bana. Ƙanena ya ce to wannan ai ba taswira ba ce, littafin gaisuwa ne. Na ce a bar shi a hakan.

Awon yau kilomita 24, ya ragu da uku.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Jiya Kwaddibuwa ta cinye mu 2 da 1 a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin Afirka, ba wanda ke da ƙarfin zancen keke. Na dai sayi sabuwar sarƙa, tsohuwar ta fara tsalle tun ƙurar Disamba, ashe man da nake ɗura mata shi ke kama yashi yana cin haƙoran.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Zafi ya fara leƙowa. Mun sake gwada Kware don neman hanyar da za ta kauce wa titin Illela, mun samu rabi, wani mai rake ya nuna mana burtalin shanu da ya rage mana kwalta sosai amma gadar dai dole a hau ta, ba wata mafita sai fito. Ana ta cirar albasa, an tara ta tuli tuli ana rufewa da kara, warinta har cikin ido.

Kuskurenmu mun makara, sha biyu ta same mu a fili, ƙanena ya fara ganin jiri ya ce kansa na sarawa, munka kwantar da shi gindin dogon yaro munka jiƙa mishi rawani, wani mai gona ya fasa mana kankana biyu ya ƙi karɓar ko sisi. Lita biyu ga mutum da ta ishe mu da hunturu yanzu ba ta kai ko'ina. Daga yau sha ɗaya ta yi mana a gida ko a inuwa.

Asabar, 9 ga Maris

Azumi jibi ko gata in an ga wata, don haka mun jingine kekuna. Inda aka kwana, ta ɗaya an bi ta sau biyu kuma an rubuta ta kala biyu. Kware saura matsalar gada. Wamakko sau ɗaya kawai, tana buƙatar komawa ranar da ba iska, kuma ina son in sake zama da mai fiton nan in tambaye shi ko akwai alamar da yake gane an saki ruwa kafin ya iso. Wurno labari ne ba jagora ba. Ta biyar babu, Malam na ta matsa mana da Surame, kufan birnin Kanta na Kabi, yana cewa ganuwar dutse har yanzu tana nan, daga can ma wai mu zarce Argungu mu kwana, amma yamman ma sai an tambaya tukuna, kawu ya ce zai ji mana daga abokan kasuwarsa.

Bayan salla zafi ne na gaske, irin wanda ke haura arba'in, ba na jin za mu yi wata doguwar fita, sai dai gajeru da asuba zuwa Kwalkwalawa mu ga yadda hanyar ke komawa kafin ruwan farko. Littafin na ba Malam zai juye shi da rubutunsa mai kyau cikin azumi. Ni kuma na yi wa mai facinmu magana ya sa min ido, in an kawo tsohon Phoenix ko Raleigh mai lafiya ya riƙe min, amma kar ya gaya wa Malam.